Wa ya yanka tayar? Kafin ka zargi maƙwabci, duba raunin

 

Cikin kayan babur kaf, babu wanda lalacewarsa ke saurin jawo zargi kamar taya. In inji ya buga, sai a ce mai ne ya yi ƙasa. In batir ya mutu, a ce sanyi ne. Amma mutum ya fito da safe ya tarar da taya a kwance, ko ya ga tsaga a jikinta, tambayar da ke fara faɗo masa ita ce: wa ya yi min haka? A gida ma haka ake, inda kowa ya san kowa, balle a ƙasar da kake baƙo, ba ka san abin da ke ran mutumin da ƙofarsa ke kallon taka ba.

Wani ɗan'uwa da ke Landan ne ya sa na ɗauko zancen. Ya gama digirinsa na biyu, yana zaune da bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu, kuma kafin aikin ofis ya samu yana kai wa mutane abinci a kan roba-roba mai cc 125. Ya ce cikin wata huɗu tayar baya ta lalace masa sau biyu, duka iri ɗaya: doguwar tsaga a jikin robar, ba ya lura da ita sai ta yi zurfi. A bakin titi babur ɗin ke kwana. Akwai kuma wani maƙwabci da suka taɓa sa-in-sa a kan wurin ajiye abin hawa, wanda tun ranar ko gaisuwa ba ya amsawa. Shi dai ya riga ya gama lissafinsa. Abin da yake so daga gare ni, tunda ya ji karatuna a kan roba da dangoginta ne, in dubi hoton in tabbatar masa aikin wuƙa ne, ya je ya buga ƙofar mutumin.

Na ce masa, Yaya, dakata tukuna, ƙaro min hoto.

Ban ga laifinsa da ya ɗauki zafi ba, babur ɗin nan shi ne gonarsa. Masu kai abinci a Birtaniya galibi a matsayin masu zaman kansu kamfanonin manhaja ke ɗaukar su, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a Nuwamban 2023, a shari'ar da ta shafi Deliveroo, cewa masu tuƙin ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Ma'ana in taya ta lalace daga aljihunka za ta fito, ranar da babur ya wuni a gareji kuma babu mai biyan ka. A nan bari in tsakura wa ɗalibai wani abu: bizar karatu ba ta yarda ka yi aikin zaman kanka ba, ko da bai kai awa 20 ɗin da aka ba ka a mako ba, don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa ai kowa na yi. Sannan ga ɗaya ɓangaren. Baƙo ya je ƙofar ɗan gari da zargi, murya ta tashi, hannu ya kai ga ƙirji, wani ya kira 'yan sanda. In abin ya kai kotu, zai biyo ka har ranar sabunta biza. Duk a kan taya guda.

Abin da aka fara koya mana a ɗakin gwaje-gwaje shi ne, abin da ya fashe ko ya tsage ba a fara tambayar mai shi, bakin raunin ake fara dubawa. Roba ba ta iya ɓoye abin da ya same ta. Wuƙa tana barin baki mai sulɓi, miƙaƙƙe, kamar an yanka sabulu. In ka buɗa wurin da yatsa za ka ga zaren da ke ƙarƙashin robar a yanke daidai wa daida, kamar aikin almakashin tela. Abin da titi ya yaga kuwa bakinsa a tattaune yake, zaren ya yi buzu-buzu kamar bakin tsohon zani, ga gogewa da ƙasa a kewayensa. Sai kuma wurin da raunin yake. Mai mugunta a gefen taya yake soka wuƙarsa, domin nan ne robar ta fi siranta. Fuskar da ke taka ƙasa tana da kauri, ga zare ko waya a ƙarƙashinta, ba ta sokuwa da sauƙi. Kuma mai mugunta sauri yake yi. Suka ɗaya ce gajeriya, ko biyu, ya wuce, da safe ka tarar iska ta fita ƙaf. Sau da yawa ba ya tsayawa a taya ɗaya, za ka ga ya haɗa da ta gaba, ko ya keta kujera, ko motocin da ke kusa su ma an taɓa su.

Hotunan da ɗan'uwan nan ya ƙaro min ba su nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tsagar ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ta zagaye tayar gaba ɗaya, kuma nisanta daga gefe iri ɗaya ne ko'ina. Cikinta a goge yake, ga garin roba baƙi ya maƙale a kusa. Babu mutumin da zai tsuguna da tsakar dare a cikin sanyin Landan yana juya tayar wani a hankali yana sassaƙa mata layi. Irin wannan rauni abu ɗaya yake nufi: tayar ce ke juyawa, wani abu a tsaye yana cin ta, kamar yadda mai wasa wuƙa ke kara ƙarfe a jikin dutsen da ke juyawa. Sai na ce ya bar duba tayar, ya haska fitilar waya ya dubi abin da ke samanta.

Noti ne. Lokacin da aka ɗaura masa ƙarfen da akwatin abinci ke zama a kai, an sa wani noti da ya fi ƙarfin wurin tsawo, ya leƙo ta ƙasa, kansa har ƙyalli yake don gogewa. In babur na tsaye babu kowa a kai, akwai tazarar yatsu uku tsakaninsa da taya, shi ya sa ba wanda ya gani. Amma in ya hau, ga akwati cike da kaya, ga tudun rage gudu da suka cika titunan unguwannin Landan, ga shokozoba da ta daɗe tana tsiyayar mai ta saki, sai bayan babur ya duƙo, notin ya ciji tayar. Kowane tudu cizo ɗaya. Da ya koma baya da lissafi, tayar farko ma bayan ɗaura akwatin ta fara tsagewa. An sa gajeren noti, an canza shokozoba, maƙwabci kuwa har yau bai san an taɓa shirya masa ziyara ba.

Wannan ciwo yana da 'yan'uwa da yawa. A babur mai sarƙa, in an ja sarƙar aka ɗaure gefe ɗaya fiye da ɗaya, tayar baya na karkacewa, gefenta ya riƙa gogar ƙarfen da ke riƙe da ita ko sarƙar kanta. Haka in mutum ya sa tayar da ta fi ta kamfani faɗi don ado. Haka murfin saman taya da ya lanƙwashe, ko ƙafar tsayar da babur da sifirin ɗinta ya saki, ko ƙugiyar igiyar ɗaure kaya da ke lilo. Alamar duka ɗaya ce: nemi ƙarfen da ke ƙyalli a inda bai kamata ya yi ƙyalli ba.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kumburi. Ka ajiye babur lafiya lau, bayan kwana biyu ka ga ƙululu a gefen taya kamar ƙwai. Abin da ya sa yake zama kamar almara shi ne jinkirin da ke tsakanin dalili da alama. Ranar da ka faɗa rami da gudu, ko ka hau dakalin bakin titi don ka yanke go-sulo, tayar ta matse tsakanin rim da bakin ramin, wasu zaruruwa a ciki suka tsinke. Daga waje ba a ga komai ba. A hankali iska ke tura robar ta wurin da babu zare, kafin ƙululun ya fito ka riga ka manta da ramin. Irin wannan taya ba ta da magani. Roba ce kawai ke riƙe da iskar a wurin, kuma ba ta yin sallama ranar da za ta fashe.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi kusa da karatuna, kuma wanda aka fi ɗora wa reza laifinsa: faso. Eh, taya ma tana yin faso kamar dunduniya a hunturu. Ƙananan tsaga ne birjik a gefen taya ko a ƙasan zanenta, wasu sirara kamar an bi da reza. Mai wannan aiki iska ce da ake kira ozon. Iskar oksijin ce mai ƙwayoyi uku maimakon biyun da muke shaƙa. Can sama tana kare mu daga ƙunar rana, amma a nan ƙasa, inda hayaƙin motoci ya haɗu da hasken rana, ita ke cin roba. Roba dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin da ido ba ya gani, a jikin sarƙar kuma akwai wasu gaɓoɓi da ozon ke kamawa ta tsinke. In robar a sake take, ɓarnar a saman fata take tsayawa. In a miƙe take, duk inda ya tsinke sai ya buɗe baki, sabuwar roba ta bayyana, ozon ta ƙara ci. Shi ya sa tsagar kullum take gilma wa ɓangaren da ake jan robar. Mai son gani da idonsa ya ɗauki robar ɗaure kuɗi ya miƙar da ita a jikin kofi, ya ajiye a bakin taga na 'yan makonni, ya dawo ya duba.

Masu ƙera taya sun san da wannan, shi ya sa suke cuɗa kakin kariya da wasu sinadarai a cikin robar, waɗanda ke fitowa saman fata a hankali su tare ozon. Launin ƙasa-ƙasa da kake gani a gefen wasu tayoyi ba datti ba ne, sinadarin ne ya yi aikinsa ya canza launi. Abin sha'awar shi ne, motsin taya, wato matsewa da sakewar da take yi a kan hanya, yana taimaka wa sabon sinadari ya fito. Don haka babur ɗin da aka jingine wata uku, mai shi ya tafi gida hutun Sallah ko ya kulle kansa yana rubuta kundin bincike, tayarsa na iya yin faso fiye da wanda ake hawa kullum. Mutum ya dawo ya ce ai ko taɓa shi ba a yi ba, wane ne ya yayyanka? Rashin taɓawar ce. Kuma duk inda ake tartsatsin lantarki ana samar da ozon: injin walda, janareta, tsofaffin injinan lantarki. Wanda ke ajiye babur a rumfar mai walda don inuwa, ko kusa da janaretan gida, ya sake masa wuri. In fason a saman fata yake, a sa masa ido. In ya yi zurfi har farce na shiga, ko ana hango zare, tayar ta gama aiki.

Fetur da baƙin mai su kuma kumbura roba suke yi, su sa ta yi laushi ta fara ɓarewa. In wuri guda ne a tayar ya yi taɓo-taɓo, dubi abin da ke ɗiga a kai ko abin da take kwana a cikinsa. Man da ake shafa wa tayar mota don ta yi sheƙi kuwa, ni ban ga abin da ya haɗa shi da babur ba. A kwana kusan gefen tayar kake takawa.

Amma in aka ce in zaɓi dalili guda da ya fi kashe tayoyin 'yan'uwanmu, ƙarancin iska zan ɗauka. Lafiyayyar taya ma tana rage iska da kanta, kamar PSI 1 a wata. Sanyi kuma na rage nasa, kusan PSI 1 a duk saukar digiri 6. Mu ɗauka ka ba tayar baya 33 a watan Satumba ana digiri 20, ba ka sake dubawa ba sai Janairu ana digiri 2. Sanyi ya ɗauke 3, watanni huɗu sun ɗauke 4, kana yawo a kan 26 ba ka sani ba, kuma a ido tayar lafiya take. Me ke faruwa a ciki? Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta yi zafi, can ta karye. Haka gefen taya marar isasshiyar iska yake yi a kowane juyi. Zafin na raba roba da zare, in aka cire irin wannan taya za ka ga garin roba a ciki da layin tamoji ya zagaye ta. Wata rana a babban titi wani yanki na fuskar ya ɓare ya fita, mai babur ya rantse bai taka komai ba. Gaskiya ya faɗa, bai taka ba.

A tayar gaba ƙarancin iska kan haɗu da yawan taka birki da gajiyar shokozoba, sai zanen ya cinye hawa-hawa. In ka shafa da tafin hannu za ka ji tudu da kwari, kamar an bi ta da wuƙa ana fere ta. Masu kai abinci, da ke tsayawa da tashi wuni zubur, sun fi kowa ganin wannan.

Lambar da za ka bi wajen ba da iska tana cikin littafin babur ko a takardar da aka manna a jikinsa, galibi ƙarƙashin kujera ko a ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Akan ba da lamba biyu, ta mutum ɗaya da ta goyo ko kaya, kuma mai akwati a baya ta biyun ce tasa. Lambar da ke gefen taya kusa da MAX iyaka ce, ba shawara ba. A auna da geji taya na da sanyi, kafin a hau, sau ɗaya a mako. Matsa taya da yatsa ko ƙwanƙwasa ta da sifana, irin na masu facin gida, ba ya bambanta 26 da 33. 'Yan'uwa da ke Jidda, Khartum ko Injamena, ku naku akasin namu ne: in kun auna da tsakar rana bayan tafiya za ku ga iska ta hau, kada ku rage. An yi lissafin wannan hawan tun a kamfani. In ka rage tana da zafi, da asuba za ka tashi da taya marar iska, wadda za ta fi yin zafi a kan kwalta mai ƙuna.

Duk abin da na faɗa ya fi shafar taya marar tiyub, irin ta yawancin roba-roba. Masu Boxer da ire-irensa a Nima, Kumasi, Marwa ko Garwa, da yawansu tiyub suke amfani da shi, kuma tiyub ya fi taya saurin ba da labari in an saurare shi. In bawul ne ya yage daga gindinsa, ƙarancin iska ne ya bar tayar tana zamewa a kan rim tana jan tiyub ɗin, kuma tun kafin ya yage za ka ga bawul ɗin ya karkace maimakon ya tsaya a miƙe. Huji biyu a jere kamar saran maciji, matsewa ce tsakanin rim da bakin rami. Huji ta ɓangaren da ke kallon rim, kan sifok ne ya huda, robar da ke rufe kawunansu ta cinye. In kuma kwana ɗaya ko biyu bayan an yi faci ne, sau da yawa ƙarfen ɓanɓare taya ne ya tsunkule shi wajen mayarwa. Wanda ke faci a wuri ɗaya sau uku a mako ya sa mai faci ya auna nisan hujin daga bawul, ya nemi daidai wurin a cikin tayar, ya shafa a hankali. Galibi ɗan guntun waya ne ko ƙaya a maƙale, ba ya fitowa sai an hau. Ba sammu ba ne.

Sai nauyi. A gefen kowace taya, bayan lambobin girmanta, akwai lamba biyu da harafi, misali 57P. Lambar 57 na nufin tayar na ɗaukar kilo 230, harafin P kuma gudun kilomita 150 a awa. Nauyin babur ɗin kansa na cikin lissafin, kuma mafi yawansa a baya yake. Direba, fasinja biyu da buhun masara, kowa ya lissafa da kansa.

Tunda muna karatun gefen taya, nemi haruffan DOT, ka bi lambobin da ke gabansu har ƙarshe. Huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Kamfanin Michelin na ba da shawarar cewa daga shekara 5 a riƙa kai taya ƙwararre ya duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Wannan lamba ita ce abin da zan fara dubawa in zan sayi tsohon babur, domin a Turai ana samun wanda ya shekara da shekaru a gareji, bai yi tafiya ba, tayarsa kamar sabuwa a ido amma ta bushe kamar ƙirgi. Tayar gwanjo kuwa, ba ka san ramin da ta faɗa a hannun wancan ba. A mota, in ɗaya ta fashe akwai uku. A babur, abin da ke tsakaninka da kwalta wuri biyu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba. A nan kam araha ba ta ado.

Akwai kuma tayar da ke sacewa a hankali, an duba an rasa huji, har mutum ya fara zargin yaran unguwa na kwance masa bawul. Kaɗa ruwan sabulu ka zuba a kan bawul da kewayen bakin rim, inda kumfa ta taso nan ne. Robar gindin bawul tana tsufa kamar taya, shi ya sa ake canza shi duk lokacin da aka canza taya. Gishirin da ake watsawa a titunan ƙasashen sanyi don narkar da ƙanƙara shi ma yana cin bakin rim, iska ta samu hanya. Yawan samun ƙusa a tayar baya ita kaɗai ma ba hujja ba ce cewa dasa maka ake yi. Ƙusa a kwance take a titi, tayar gaba ke taka ta ta miƙar da ita, ta baya ta zo ta same ta a tsaye.

Ga mazauna Birtaniya, doka ma tana da ta cewa. Babur ɗin da ya haura cc 50 dole zurfin zanen tayarsa ya kai milimita 1 a kashi uku cikin huɗu na faɗinta, kewaye da ita gaba ɗaya. Kumburi laifi ne. Yankan da ya wuce milimita 25, ko kashi 10 cikin 100 na faɗin tayar in shi ya fi yawa, kuma ya kai ga zare, shi ma laifi ne, ko wane ne ya yi shi. Tarar na iya kai fam 2,500 da maki 3 a lasisi a kan kowace taya. Wanda bai shekara biyu da cin jarrabawar tuƙinsa ta farko ba, maki 6 sun isa a karɓe lasisin, wato suɗaɗɗun tayoyi biyu.

Duk wannan ba ya nufin babu masu yanka taya. Akwai su, wani don rikicin wurin ajiye abin hawa, wani don ya ga launin fatarka ko hularka. In raunin ya nuna wuƙa ce, kada ka taɓa komai sai ka ɗauki hoto, na nesa da na kusa, ka ajiye tsabar kuɗi a gefen yankan don a ga girmansa. In an canza tayar ka karɓi tsohuwar, kada ka bar ta a gareji. Ka kira 101 ko ka kai rahoto ta intanet, ka riƙe lambar ƙarar da za su ba ka. Gidaje da yawa yanzu suna da kyamara a ƙofa, ka tambayi maƙwabta cikin ladabi tun hoton bai goge ba. In an taɓa jifan ka da maganar launi ko addini, ka faɗa a rahoton, domin rajistarsa daban ce. Kada ka sa rai da yawa a kan inshora, yawancinsu sun cire huji, yanka da fashewar taya daga abin da suke biya. Ƙofar wanda kake zargi kuwa, bar wa masu kaki su buga.

Saura batun gyara, domin na san tambayar da za ta biyo baya ke nan. Taya marar tiyub ana yi mata faci ne kawai in ƙaramin huji ne a tsakiyar fuskarta, kuma facin kirki sai an cire tayar an duba cikinta an liƙe ta ciki. Igiyar roba da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce ko gareji, ba ta ci gaba da sana'a ba. Wasu tayoyin manyan babura masu gudu ma, masu ƙera su ba su yarda a yi masu faci ba sam. Gefen taya kuwa ba a gyara shi, ko yanka ne, ko kumburi, ko faso mai zurfi, domin wurin ba ya daina lanƙwasawa, duk abin da aka liƙa zai saki. Na san a gida akwai gwanayen da za su sa mata ƙyallen tsohuwar taya ta ciki, har su ɗinke da zare, ta ƙara wata shida. In ka samu irinsu a nan, ka gaishe su, ka sayi sabuwa, sannan kafin a ɗaura ta ka dubi kibiyar da ke gefenta, ka tabbatar tana kallon inda tayar ke juyawa.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu dubi abin da sanyi ke yi wa batir, na babur da na waya. Mai tambaya ya aiko, in da hoto ya haɗo da shi, kuma a ɗauka da haske.